Inda Mavis Ta Sa Haɓarta

Quorn, 10 ga Agusta, 1997

Zuwa ga ƙanena Athol,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Merle da mijina Clarrie. Da fatan teku bai juya maka ciki ba, kuma kafaɗar nan taka ta bar ka kana barci. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Clarrie da sanyin bana ya sa a gaba. Kajina arba'in da ɗaya suna nan, sai dai baƙar nan mai rigima ta daina ƙwai.

Bayan haka, maganar ƙadangarunka masu gemu da ka bar mini amana. Athol, saura kaɗan in binne su.

Kullum da safe ina shiga ɗakin kwanon nan na bayan gidan marigayiya Mama, in leƙa kabad biyun Baba da ka kwantar ka cika da yashi ka rufe da gilashin taga. Sajan a ɗaya, Mavis a ɗaya, fitilu a kashe kamar yadda ka bari. Kwana goma sha biyu ba wanda ya motsa, ba ci ba sha. Ranar Laraba na sa hannu na taɓa Mavis, na ji ta sanyi ƙalau kamar cokali. Na ce wa Clarrie ya ɗauko shebur.

Ya ce, "Haba Merle, ba takarda yaron ya bar miki ba?"

Na ce, "Takardar duk lamba ce. Shafi huɗu, nan digiri kaza, can digiri kaza. Ina ya rubuta yadda ake gane gawa?"

Kafin ya nemo shebur ɗin na sa tabarau na tsaya a kanta. Can sai na ga haƙarƙarinta ya ɗaga sau ɗaya. Na fara ƙirga. Sai da na kai tamanin da uku sannan ya sake ɗagawa. Ikon Allah! Shekarata hamsin da tara ina kiwon mai rai, ban taɓa ganin abin da ke riƙe da ransa da numfashi kaɗan haka ba. Na daɗe a tsaye a wurin har shayina ya huce.

Amma dai tausayi ya hana ni sakat. Da safe ruwan kajina ƙanƙara yake yi, su kuma suna kwance ko tsumma babu. Don haka na zuba ruwan zafi a jakar robar Mama, na sa ta cikin safar Clarrie, na jingina wa kowanne tasa bi da bi. Kada ka gode mini, ai ba wani aiki ba ne.

Na aiko maka da kek a gwangwani. Ka ci, kada ka raba wa 'yan jirgi duka, na san halinka.

Yayarka,
Merle

A cikin jirgi, Tekun Carpentaria, 26 ga Agusta

Yaya Merle,

Na gode da gaisuwa, ina gaida Clarrie da gwiwa. Ina lafiya, sai hannuwa da ƙayar jatan lande ta faffasa. Kek ya iso, ya kuma ƙare a yini ɗaya, ba da son raina ba. Jirgin da ke kawo mana mai da wasiƙu sau ɗaya yake zuwa a mako biyu, saboda haka duk abin da kika rubuta ya tsufa kafin in gani.

Yaya, don Allah ki cire wannan jaka. Yau ɗin nan. Ba rashin lafiya suke yi ba, barcin sanyi suke yi, kuma in ba su sha sanyin nan ya ratsa su ba, ba za su nemi juna ba in gari ya yi ɗumi. Abin da ya same ni bara ke nan: na ji tausayinsu na bar musu fitila, suka wuce shekara suna kallon juna kamar baƙi a tashar mota. Shekarar da ta gabace ta ƙwai suka dahu a hannuna. Ta farko kuwa bushewa suka yi. Shekara uku na yi kafin in samo lambar da kika gani na rubuta da alli a ƙofar tsohon firjin Mama, wanda na cire wa inji na nannaɗa masa wayar ɗumi a ciki. Digiri talatin. Nan ƙwai za su kwana in an samu.

Ranar ɗaya ga Satumba ki kunna fitilun, awa huɗu, kullum ki ƙara kaɗan. Fitila a gefe ɗaya kawai take, a kan falalen dutse, da gangan na yi haka. Ɗaya gefen ki bar shi da sanyinsa. Shi ƙadangare ba ya yin zafin jikinsa, zuwa yake ya ɗiba ya koma, kuma ya fi mu sanin yawan da yake so.

Bari in gaya miki gaskiya, tunda a takarda ya fi mini sauƙi. Kyaftin Stavros ya ce in kamun bana ya ƙare a ƙarshen Nuwamba, in bi shi Cairns in zauna wurin gyaran jirage, aiki na dindindin. Ban ba shi amsa ba. Shekarata hamsin da ɗaya, Yaya, me na taɓa kafawa ya tsaya? Gareji ya rushe, aure ya mutu, ke kika sha tattara ni. Wannan kiwon kaɗai ne na zauna na koya da kaina. In ƙwan bana suka ƙyanƙyashe, zan dawo in yi shi sosai, lasisina na kiwon ƙadangaru yana nan. In ba su yi ba, ban ga abin da zan dawo in yi a Quorn ba.

Ƙanenki,
Athol

Quorn, 21 ga Satumba

Auta,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Clarrie ya ajiye sanda, furannin jeji sun rufe gefen layin dogo, kangaru kuma sun shigo sun cinye masa latas. Jaka na cire. Maganar Cairns ban ji daɗinta ba, kuma ba zan ɓoye maka ba: kai kaɗai ka rage mini a cikin 'yan ɗakinmu, ba na so in tsufa ina kallon gidan Mama a kulle.

To amma ka ji labari! Kwana na uku da kunna fitila, na shiga na tarar da Sajan a kan dutse. Ya baje jikinsa ya yi faɗi kamar faifai, ya karkata bayansa wajen hasken. Launinsa toka-toka ne da farko. Ina tsaye ina kallo ya fara washewa, ja-ja ya fito masa a gefen kai, ruwan lemo a kafaɗa. Da zafin ya ishe shi sai ya buɗe baki ya bar shi a buɗe, can ya sauka ya taka zuwa gefen sanyi ya kwanta abinsa. Ba wanda ya gaya masa. Na duba ma'aunin zafin da ka rataye, na duba shi, na rasa abin cewa.

Kyankyasan da kake kiwo a durom sun kusa kashe ni da ƙyama, amma yanzu da hannu nake ɗebo su.

Ranar sha huɗu na sa shi wajen Mavis kamar yadda takarda ta ce. Tabɗi! Gemun nan nasa ya kumbura ya koma baƙi ƙirin, ya shiga gyaɗa kai da ƙarfi yana buga ƙafa, sai a lokacin na gane dalilin sunansa. Ita kuwa ko gezau. Ta dube shi, ta ɗaga hannu ɗaya a hankali, ta zagaya da shi a iska, ta ajiye. Ta ɗaga ɗayan. Nan take na ƙwala wa Clarrie kira.

Ya zo ya kalla ya ce, "Shekara talatin da shida da aurenmu, ba ki taɓa ɗaga mini hannu haka ba."

Na ce, "Kai ma gemunka bai taɓa yin baƙi saboda ni ba. Fari ma ya yi."

Abin da ya biyo baya ba na yaya da ƙane ba ne. Na dai mayar da Sajan gidansa bayan kwana huɗu, Mavis kuwa tana ci kamar ba gobe.

Taka,
Merle

Quorn, 12 ga Oktoba

Athol,

Albishirinka! Amma bari in fara da gaisuwa kada ka ce na yi rashin ladabi: muna lafiya, zakarana ya zo na biyu a bajekolin kaji, alƙalin bai san aikinsa ba.

Mavis ta yi ƙwai. Ashirin da biyu.

Kwana uku ta yi tana yawo ta ƙi abinci, cikinta duk tudu-tudu. Ranar Laraba da hantsi ta fara tona. Ta shige ramin gaba ɗaya sai bakin wutsiya, ta juyo, ta yi shiru fiye da awa ɗaya. Da ta fito ta rame kamar an matse ta. Ta mayar da yashin, ta daddanna shi da kanta har ba ka gane an taɓa wurin, ta hau dutse ta rufe ido. Ko waiwaye ba ta yi ba. Kazata in ka doshi ƙwanta sai ta fasa maka hannu, wannan kuwa ta gama nata ta bar wa ƙasa.

Na tono su da cokali kamar yadda ka rubuta. Farare ne, girman dabino, ɓawonsu da laushi kamar fatar safar hannu. Na jera su a robobi biyu a kan yashi mai laima, na sa a firji. Allurar ma'aunin zafi tana kan talatin daram, safe da rana da yamma nake dubawa.

Abu ɗaya ka manta a takardarka, amma kada ka damu, yayarka na nan. Ba ka rubuta sau nawa ake juya su ba. Tunda ba uwar da za ta kwanta a kansu ta juya su da baki, ni na zama uwar. Na ɗauki fensir na yi wa kowanne gicciye a gefe ɗaya, da'ira a ɗaya gefen, yadda Mama ta koya mana da ƙwan agwagwa. Sau uku a rana nake juyawa, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Clarrie ya ce in bari in tambaye ka tukuna. Na ce masa in jira mako huɗu kafin amsa ta zo, 'ya'yan sun manne da ɓawo ke nan. Ƙwai dai na san shi tun kafin a haife ka.

Ka gaya wa kyaftin ɗinka ya nemi wani.

Yayarka mai murna,
Merle

A cikin jirgi, 29 ga Oktoba

Merle,

Wasiƙarki ta zo yau da rana. Na fara karantawa a tsaye, na yi ihu har mai dafa mana abinci ta fito da wuƙa a hannu tana tambaya wa ya faɗa ruwa. Na ce mata, "Ashirin da biyu!" Sai na juya shafi.

Ba a juya su. Ba a juya ƙwan ƙadangare, ko sau ɗaya. Ba kaza ba ce. Kwana kaɗan da yin ƙwan, ɗan yake kama saman ɓawon daga ciki ya zauna a nan. In kika kifa shi, gwaiduwar ta danne shi, ya mutu. Shi ya sa uwar take binnewa ta tafi, ƙasa ba ta juya komai.

Na roƙi kyaftin ya haɗa ni da gidanku ta rediyon jirgi. Tarhonku ya yi ta ƙara ba wanda ya ɗauka. Ƙarfe biyu ne, na san inda kike: kina ɗakin kwano kina juyin rana. Ban sake gwadawa ba, domin mako uku ke nan, sau uku kullum, aikin gama ya gama.

Clarrie ya ce ki tambaya. Me ya hana ki? Na san abin da ya hana ki. Tun ina yaro haka kike. Na ɗaura igiyar takalmi ki kwance ki sake ɗaurawa. Na yi wa gareji fenti ki zo da naki launin. Ko ranar jana'izar Mama, kalmomi uku na tashi in faɗa, kika ja mini riga kika ce bari ke ki yi. A zuciyarki ba ki taɓa yarda cewa akwai abu ɗaya a duniya da na sani ke ba ki sani ba. Na bar su a sanyi da gangan, kika kawo jaka. Yanzu ga wannan.

Ki daina juyawa. Ki haska su da tocila, kin iya wannan. In kin ga jan zare a ciki akwai rai. Ba na sa rai.

Ina gaida Clarrie.

Athol

Quorn, 13 ga Nuwamba

Athol,

Da fatan kana lafiya. Mu dai ga mu nan. Zafi ya fara.

Na karanta wasiƙarka a bakin akwatin gidan waya, a zaune a kan dakali. Daga nan ɗakin kwano na wuce. Na lulluɓa da bargo na haska su ɗaya bayan ɗaya. Dama tun makon jiya wasu sun fara lotsewa suna yin rawaya, na ce wa kaina laima ce ta yi kaɗan. Babu jan zare ko a ɗaya. A guda huɗu na ga ɗan baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya tsaya inda ya tsaya. Na yi kuka, Athol, a ƙarƙashin bargon nan, ni da ban yi kuka ba ranar da dila ya kashe mini kaji sha tara.

Na binne su a gindin lemon tsamin Mama. Na zare wayar firjin daga bango.

Ka yi haƙuri. Da niyyar alheri na yi. Amma kai ma ka duba, shafi huɗu ka rubuta, har da irin ƙwan fitilar da zan saya in wannan ya ƙone, ba ka sa layi ɗaya a kan juyi ba. Yaya za a yi in sani? Maganar jana'izar Mama kuwa, rawa jikinka yake yi, taimakonka na yi.

Sajan da Mavis suna lafiya. Ka dawo gida mu yi magana.

Merle

Cairns, 3 ga Disamba

Merle,

Mun sauka lafiya. Na karɓi aikin. Adireshin wurin gyaran yana bayan ambulan.

Akwai wani mai lasisi a Port Augusta, sunansa yana cikin littafina a kan firji. Ki rubuta masa ya zo ya ɗauki Sajan da Mavis. Maganar gidan Mama, duk yadda kika yanke daidai ne, dama ke kike yankewa.

A gaida Clarrie. Barka da Kirsimeti tun yanzu.

Athol

Quorn, 14 ga Janairu, 1998

Ƙanena Athol,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kana cin abinci, kana kuma sa hula a rana. Mun yi Kirsimeti mu biyu, na ajiye farantinka na mayar. Clarrie lafiya. Zafi ya kashe mini kaji uku.

Ban rubuta wa mutumin Port Augusta ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi, akwai abin da na ɓoye maka.

Kwana huɗu kafin wasiƙata ta Nuwamba, bayan na binne ƙwan farko, Mavis ta sake tona. Ashe haɗuwa ɗaya da Sajan ta ishe ta yin ƙwai sau biyu. A wannan karon na zauna na kalle ta tun daga farko, hannuwana a ƙarƙashin cinyata. Ba ta fara tona kai tsaye ba. Ta je ƙarƙashin fitila ta sa haɓarta a yashi, ta yi jim, ta ɗaga. Ta je can gefen sanyi ta sa, ta ɗaga. Ta dawo tsakiya, ta matsa kaɗan, ta sake matsawa kamar faɗin yatsu uku, tana sa haɓa tana ɗagawa, yadda Mama ke gwada ruwan wankanka da gwiwar hannu. A wuri na bakwai ta tsaya ta tona.

Da ta gama ta rufe, Clarrie ya miƙo mini cokali. Na ce masa ya mayar. Na ɗauko dogon ma'auninka na soka shi a yashi a gefen ramin, daidai zurfin da ta shiga, na jira. Athol, talatin. Lambar da ka yi shekara uku kana nema, ka rubuta da alli. Na matsar da shi taku ɗaya wajen fitila, talatin da biyar. Taku ɗaya baya, ashirin da shida. Na mayar da shi inda ta zaɓa, na zauna a ƙasa ina kallon wannan 'yar dabba da kanta bai kai babban yatsana biyu ba. Wa ya gaya mata? Kai kuma wa ya gaya maka? Ku biyu kun san abu ɗaya, ni da nake ta surutu ban san komai ba.

Don haka uwar na ɗauke, na bar ƙwan. Clarrie ya haɗa mata sabon gida da akwatin shayi da gilashin tsohuwar motarsa. Kabad ɗin kuma na bar shi yadda ta same shi: fitila ɗaya, awanni ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ruwa da cokalin shayi nake ɗiga shi can nesa da ramin. Makon Kirsimeti zafin gari ya kai digiri arba'in da huɗu, kwanon rufin ba ya taɓuwa, allura ta fara hawa. Na kashe fitila, muka jiƙa buhunan hatsi muka shimfiɗa a kan rufin, Clarrie a kan tsani da gwiwarsa, ni ina miƙa bokiti. Kwana biyar muna haka. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in tona in gani ko suna da rai. Sau ɗaya har na durƙusa. Clarrie ya ce, "Merle." Na tashi.

Ban gaya maka ba domin in suka mutu, na kashe maka su sau biyu ke nan.

Shekaranjiya da safe na shiga da shayina, na ga yashin ya lotsa a wurin. Sai ya motsa. Wani ɗan kai ya ɓullo, yashi a kan idonsa, ya tsaya yana haki. Na ajiye kofin na durƙusa. Na biyu ya turo ta ƙarƙashinsa, na uku ya taka kan na biyu. Kowanne bai fi ƙaramin yatsana ba, amma komai nasa ya cika, ƙayoyin gefe, faratan, har ɗan gemun. Ba wanda ya nuna musu hanya, suka kama tafiya wajen fitila, suka hau dutsen uwarsu suka baje. Zuwa jiya da yamma sha bakwai ne. Da na matso da fuskata jikin gilashi, wani ƙarami ya dube ni, ya ɗaga hannu a hankali ya zagaya da shi.

Yanzu saura abin da ya kamata in rubuta tun Nuwamba. Laifina ne, ba na takardarka ba. An ce in tambaya na ƙi, domin ban taɓa zaton kana da amsar da ni ba ni da ita ba. Ranar jana'izar Mama ma da na bar ka ka yi maganarka, ko da rawar jikin. Wannan aikin kai ka san shi, ni ban sani ba. Ga baki sha bakwai suna jiran abinci, takardarka kuma ta ƙare a kan ƙwai. Me ake ba su? Sau nawa? Ba zan yi komai da ka ba, sai 'yan ƙananan kyankyasai da na ga suna bi. Ka gaya mini.

Yayarka,
Merle

Cairns, 20 ga Janairu

Yaya,

Ina lafiya. Ina fata ku ma haka, da su.

A bakin aiki aka miƙo mini wasiƙarki. Na shiga ƙarƙashin wani jirgi da muke kankarewa na karanta ta sau uku. Kyaftin Stavros ya leƙo ya ce, "Kai, wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To me ya sami fuskarka?" Na ba shi ya karanta wurin haɓar. Da ya gama sai ya ce in ɗauki jakata kafin ya canza ra'ayi.

Shekara shida ina kiwon Mavis, ban taɓa ganin tana gwada yashi ba. Kullum ina can ina gyaran wayar firji, ina jiran ta gama in kwashe. Ke kika zauna kika gani. Maganar juyi kuma, da na rubuta. Abin ya zame mini jiki har na manta ana koyonsa.

Kyankyasai ƙanana daidai ne, kada girmansu ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun 'ya'yan, sau uku a rana. Ki yayyafa musu ruwa a jikin gilashi da safe. Ki raba su gida uku, in sun yi yunwa suna cizon wutsiyar juna. Kada Sajan ya gan su. Sauran sai na zo, na ɗauki tarho sau biyu na ajiye, abin da zan faɗa ba na tarho ba ne.

Motar da zan hau tana isa Port Augusta ranar Talata mai zuwa da azahar. Ki ce wa Clarrie ya zo ɗaukata da wuri, ke kuma ki buɗe tagogin gidan Mama ya sha iska. Kalmomi ukun nan na jana'iza har yanzu suna nan, zan faɗa miki su a gindin lemon tsami.

Kada ki cire ma'aunin. Ki bar shi a cikin yashi inda ta sa haɓarta, ina so in gani da idona.

Ƙanenki,
Athol